Gajiyar doguwar tafiya: a ƙafa take ko a kai?

Mai_Keke_Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Mu uku muka tashi daga Kano bayan sallar Asuba muka nufi Zariya a keke, da niyyar juyowa a ranar, wajen kilomita 300 ke nan zuwa da dawowa. Zuwa lafiya lau, iskar hunturu na bayanmu tana tura mu, muna ta jin kanmu. A dawowa ne muka gane ashe ƙarfin ba namu ba ne. Tun daga Tashar Yari feda ta fara yi mini nauyi, kafin mu kai Kwanar Dangora na ƙare tas. Ba ciwo ba ne, jijiya ma ba ta ɗaure ba. Komai ne kawai ya fita daga raina. Na ji haushin keken, na ji haushin abokan tafiyata, har wanda ya ƙirƙiro keke sai da na ji haushinsa. Na jingine shi a jikin rumfar wani mai shayi na ce su wuce, ni mota zan nema. Na yi Magariba da ƙyar, na sha shayi mai kauri da biredi, na kishingiɗa a benci. Sun ce minti 20 na yi ina minshari. Da na farka, wallahi kamar an canza mini ƙafafu. Ni na ja su har Kano.

To ƙafar da ta kasa juya feda da ƙarfe shida, ita ce dai ta ƙarasa sauran tafiyar. Babu tsokar da ke warkewa a minti 20. Don haka na yanke cewa gajiyar doguwar tafiya a kai take, ba a ƙafa ba. Wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

DanTsere_Jos: Wa'alaikumus salam. Kafin mu shiga falsafa, me ka ci tsakanin Zariya da Kwanar Dangora?

Mai_Keke_Kurna: Shinkafa da wake na ci a Zariya da azahar. Bayan nan ruwan leda kawai.

DanTsere_Jos: To an gama shari'a 😂 Awa huɗu kana fama da iska a gaba babu ko dabino ɗaya, sannan ka ce kai ne? Man ka ne ya ƙare, ɗan'uwa. Shayin ne ya tashe ka, barcin rakiya ya yi.

LikitanKauye: @DanTsere_Jos ya kama bakin zaren, amma bai kore maganar mai tambaya ba. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta, duka-duka bai wuce giram 500 zuwa 600 ba a yawancin mutane. Wanda ke aiki mai ƙarfi yana iya cinye mafi yawansa cikin awa biyu zuwa uku. Kitse kam akwai shi jingim ko a jikin siriri, amma a hankali yake ƙonewa, ba ya riƙe gudu mai zafi. Abin lura shi ne ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki. Idan sukarin hanta ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ce kan fara kuka: fushi babu dalili, kasa yin ƙaramin lissafi, jin cewa duk tafiyar shirme ce. Haushin da ka ji na wanda ya ƙirƙiro keke, alama ce da muka sani. Shi ya sa ake cewa mai doguwar tafiya ya riƙa cin wajen giram 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, wanda ya horar da cikinsa har 90. Dabino, ayaba, dafaffen dankali, biredi da zuma, duk suna yi. Kuma tun kafin yunwa ta zo ake ci, don in ta zo an makara.

Sarkin_Feda: Duk wannan dogon turanci ne. Asid ɗin laktik ne ya taru masa a cinya, da ya huta ya sauka. Tun muna sakandare aka koya mana.

Dalibin_Jiki: Yallaɓai @Sarkin_Feda, da girmamawa, wannan karatun an daɗe da wuce shi. Laktet, wato abin da ka kira asid ɗin laktik, yana yawaita ne a gudu mai zafi na ɗan lokaci, irin na mita 400. Wanda ya yini yana feda a hankali ba shi da wani laktet mai yawa a jini. Jiki ma ƙona shi yake yi a matsayin mai, kuma cikin awa guda ya koma daidai. Ciwon cinya na washegari ba shi ne ke kawo shi ba.

Maganar @Mai_Keke_Kurna kuwa tana da malamai. Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town ya daɗe yana cewa ƙwaƙwalwa tana da wani abu kamar gwamnan injin mota, tana rage yawan tsokar da take sa wa aiki kafin jiki ya kai ga cutuwa. Babbar hujjarsa ita ce, me ya sa wanda ya galabaita a tsakiyar tsere yake iya zuba gudu idan ya hango ƙarshe? A ina ƙarfin ya ɓuya? Shi kuma Samuele Marcora ya ce ba a buƙatar wani ɓoyayyen gwamna, mutum yana tsayawa ne idan wahalar da yake ji ta fi abin da ya yarda zai ɗauka. A 2009 ya sa mutane aikin kwamfuta mai gajiyar da kai na minti 90, sannan ya ɗora su a keke. Sun sare da wuri, da wajen kashi 15 cikin 100, alhali bugun zuciyarsu da laktet ɗinsu ba su bambanta da na ranar da suka kalli bidiyo kawai ba.

Mai_Keke_Kurna: Yauwa! Ka ji mutumin kirki. @DanTsere_Jos ina kake?

Dalibin_Jiki: Kada ka yi saurin murna, Yaya, ban gama ba. Guillaume Millet da abokan aikinsa sun auna masu tseren UTMB, wanda ake zagaye dutsen Mont Blanc da ƙafa, wajen kilomita 170 da hawan da ya kai mita 10,000, ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan. Bayan tseren ƙarfin tsokar cinya ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Da suka sa wa jijiyar ɗan lantarki sai tsokar ta ba da ƙarin ƙarfi, wato dai saƙon da ke zuwa daga sama ya yi rauni. Amma ita kanta tsokar ta ji jiki, musamman saboda gangara, sai da aka yi wajen mako biyu kafin komai ya dawo. Abin mamaki, a tseren Tor des Géants na Italiya mai kilomita 330, raguwar ƙarfin ba ta kai ta UTMB ba. Ninki biyu na nisa, amma ɓarnar ta fi sauƙi, saboda tun daga farko mutane kan tafi a hankali. Ashe ba nisa kaɗai ke cin tsoka ba.

Baba_Madugu: 'Ya'yana sannunku da ilimi. Ni ban san Noakes ba, amma na san keken Raleigh. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauko buhun gero daga ƙauyenmu zuwa kasuwa a kai, babu giyar sauya gudu, babu hular kwano, sirdin kamar dutse. Abin da muka sani shi ne gajiya iri-iri ce, kowace da maganinta. Akwai ta yunwa, fura ke kashe ta. Akwai ta rana, inuwa ke kashe ta, ko ka ci sa guda ba za ta tafi ba. Akwai ta barci, ita ba ta da magani sai shi. Akwai kuma ta zuciya, wadda ke kama mutum idan ya tuna kuɗin buhun ba zai biya bashin da ke kansa ba. Ranar da kasuwa ta yi kyau, hanyar gida gajeruwa ce. Yaron nan uku ne suka haɗu masa a Kwanar Dangora, ya sha maganin biyu a zama ɗaya, yanzu yana tambayar wanne ne ya yi aiki.

UmmanTagwaye: Baba Allah Ya ƙara lafiya. Kai ka raba gardamar, sauran duk sharhi ne.

Baba_Madugu: Amin 'yata. Na manta goro. Ɓari ɗaya a kumatu yana kai mutum nesa.

LikitanKauye: Goron Baba ma yana da bayani. Akwai kafeyin a cikinsa, irin na gahawa da shayi. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa yana kawo jin barci. Kafeyin yana toshe wurin da yake sauka ne. Bai ƙara wa ƙafa komai ba, wahalar ce ke raguwa a ji. Bashin barcin kuwa yana nan, ɗage ranar biya kawai aka yi.

Guguwa_07: Ni fa in zan yi doguwa, rabin tiramol nake sha kafin in tashi. Ba gajiya, ba ciwon baya, ba ciwon mazaunai. Ku yi ta lissafin dabino.

DanTsere_Jos: Subhanallahi. Admin a duba wannan.

LikitanKauye: Kada a kore shi, gara ya faɗa a nan a ba shi amsa. Ƙanena @Guguwa_07, tiramol bai cire maka gajiya ba, ƙararrawar ya kashe. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya, kai kuma kana kan taya biyu tsakanin tireloli. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun 2019, kuma saboda shi aka soke sakamakon Nairo Quintana na Tour de France ta 2022. Tun 2024 yana cikin jerin haramtattun magunguna na WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya. In kana son ka san ƙarshen toshe bakin gajiya, ka nemi labarin Tom Simpson ɗan Ingila. Ranar 13 ga Yuli 1967 ana cikin tseren Tour de France ya faɗi a hawan dutsen Ventoux na Faransa cikin tsananin zafi, aka ɗora shi a keke ya ci gaba, ya sake faɗuwa bai tashi ba. An sami ƙwayar ƙara kuzari ta amfetamin da barasa a jikinsa. Ba sai mun je Faransa ba ma, kowa a nan ya san wani matashi a unguwarsu da ya fara da rabi don aikin ƙarfi.

Guguwa_07: Na ji Dakta. Ba kullum ba ne dai.

UmmanTagwaye: Haka kowa ke cewa.

Zango_Kumasi: Ku bar ni in dawo da mu kan barci, don ni nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Ina bin tseren keke na RAAM a Amurka, daga gaɓar yamma zuwa ta gabas, wajen kilomita 4,800, agogo ba ya tsayawa. Christoph Strasser ɗan Ostiriya ya ci sau shida, a 2014 ya gama cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56. Barcinsa a rana wajen awa guda ne. Kafin shi akwai Jure Robič ɗan Sulobeniya da ya ci sau biyar, shi kuma an san shi da gane-gane. Yakan sauka daga keke ya kama faɗa da akwatunan wasiƙa na bakin titi, yana ganin mutane ne. Ƙafarsa na aiki, kan ya tafi. Wannan ya goyi bayan mai tambaya. Amma a tseren dai akwai abin da ake kira wuyan Shermer, daga sunan Michael Shermer da abin ya sama a 1983: tsokar wuya ta saki gaba ɗaya, kai ya faɗo kan ƙirji, mutum ba ya iya ɗagawa ya ga hanya. Wasu har ɗaure hular kwanon suke yi da wani abu ta baya don kan ya tsaya. Wannan kam duk ƙarfin zuciyarka ba zai ɗaga shi ba.

Hajiya_Kaduna: Ni duk ban ga wanda ya yi maganar da ta fi damuna ba. @Mai_Keke_Kurna, wato bayan Magariba kuka hau titin Zariya zuwa Kano a keke, a duhu, kai kuma yanzu ka tashi daga suma? Kana da iyali kuwa?

Mai_Keke_Kurna: Hajiya ba suma ba ce, barci ne. Kuma muna da fitila gaba da baya.

Hajiya_Kaduna: Fitila. To madalla.

Zango_Kumasi: Hajiya tana da gaskiya. Mike Hall, wanda ya kafa tseren keke na Transcontinental a Turai, yana cikin gwanayen duniya a wannan harka. A Maris 2017 mota ta buge shi kafin gari ya waye kusa da Canberra, ana cikin tseren ratsa Ostireliya. Shi ma Robič mota ce ta kashe shi a 2010 yana atisaye kusa da gida. Mai gudu da ƙafa in barci ya ɗauke shi, ƙasa zai faɗi ya kurje gwiwa. Mai keke ba haka ba ne.

UmmanTagwaye: Tunda an ambaci Transcontinental, a 2019 mace ce ta zo ta ɗaya, gaban duk mazan. Fiona Kolbinger 'yar Jamus, mai binciken cutar kansa, kilomita wajen 4,000 daga Bulgeriya zuwa Brest ta Faransa cikin kwana 10 da 'yan awanni. A shekarar dai Jasmin Paris ta ci tseren Spine na Birtaniya, sama da kilomita 400 a ƙafa cikin hunturu, awa 83, tana tsayawa a tashoshi tana tatsar nono saboda tana da goyo. Ni ba na gudu, ba na hawa keke. Amma na yi wata huɗu ban haɗa barcin awa uku a jere ba lokacin tagwaye, kuma da safe in tafi aiki. Da na karanta labarinta ban yi mamaki ba ko kaɗan. Minti 20 a benci, @Mai_Keke_Kurna, mu mun san darajarsa tun kafin ku gano.

Sarkin_Feda: An fara. Ko wace magana sai an mai da ita ta mata da maza.

Dalibin_Jiki: Yallaɓai ai akwai bincike a bayanta. A 2019 Herman Pontzer na Jami'ar Duke da abokansa suka duba masu gudun ratsa Amurka da sauran masu dogon aiki na watanni. Suka ga in tafiya ta yi tsawo sosai, jiki ba ya iya riƙe ƙona abin da ya wuce kamar ninki biyu da rabi na abin da yake ƙonawa a kwance, don hanji ba ya iya shigar da fiye da haka. Abin da ya ɗara, daga jikinka ake yanka. Mai juna biyu tana wajen ninki 2.2, wata tara cur. Wato ga wata iyakar da ba a kai take ba, ba a ƙafa ba, a ciki take.

DanDamagaram: Salamu alaikum daga Zinder. Ku kuna magana cikin sanyi, ku jira watan Afrilu. Na taɓa fita da keke hanyar Mirya da hantsi, tafiyar da na saba, ban kai rabi ba na ji kaina na sarawa, tsigar jikina na tashi cikin rana tsaka. Na ci, na yi barci isasshe, zafi ne kawai. Jini ya rabu biyu, rabi wajen fata don sanyaya jiki, rabi wajen ƙafa, zuciya na ta bugu babu riba. Tseren Marathon des Sables na Maroko, wajen kilomita 250 cikin mako guda a Sahara, kowa da abincinsa a baya, ku duba waɗanda suka fi cinye shi: Lahcen Ahansal, Rachid El Morabity, 'yan ƙasar ne da suka tashi cikin wannan zafi. Ni dai yanzu lita shida nake shanyewa ko ina jin ƙishi ko ba na ji.

LikitanKauye: Malam @DanDamagaram, jiki na sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 in ana fita a hankali, wannan gaskiya ne. Amma ɗura ruwa ba ƙishi akwai haɗari. Ruwa in ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Noakes ɗin nan da aka ambata yana cikin waɗanda suka fara bayyana haka a 1985, a ƙasar da ake tseren Comrades mai kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg. A gudun fanfalaki na Boston na 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna gishirin jininsu ya yi ƙasa. Matsalar ita ce alamominsa sun yi kama da na rashin ruwa: ciwon kai, amai, ruɗewa. Sai a ga mutum ya galabaita a ƙara ɗura masa. In zobe ya matse yatsa, ciki na ƙugi da ruwa, a dakata. Sha gwargwadon ƙishi, a haɗa da abu mai gishiri, ko ƙuli-ƙuli ne.

Sai abu ɗaya da nake roƙon kowa. In bayan doguwar tafiya fitsari ya koma kalar shayi ba madara, asibiti za a nufa a ranar. Tsoka ce ta farfashe tana toshe ƙoda. Kuma a daina haɗiyar magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen a tsakiyar hanya, suna ƙara wa ƙodar nauyi a lokacin da take neman agaji.

Sarkin_Feda: To Dakta, a taƙaice, kai ne ko ƙafa? Kun sa mun fi shi gajiya.

LikitanKauye: Wanda ke kan keken shi ne mafi rashin cancantar yanke wannan hukunci, don abin da zai yi hukuncin da shi ne ya gaji.

DanTsere_Jos: Ni har yanzu ina kan shayi. A ba shi barcin ba shayin, a ga ko zai kai Kura.

Zango_Kumasi: A ba shi shayin ba barcin, a ga ko ba zai shiga gona ba.

Mai_Keke_Kurna: Na karanta duka, na gode. Na yarda na yi wauta da rashin ci. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Da na farka, mai shayin ya tambaye ni daga ina, na ce Zariya, kuma Kano za ni. Ya kira yaran wurin ya ce ku zo ku ga mutumin da ya je Zariya a keke ya dawo. Suka kewaye keken suna taɓa taya. Bayan wannan da wane ido zan tsaya tare mota in sa shi a but? Wannan a wane layi za ku sa shi, sukari ko barci?

Baba_Madugu: Kunya ke nan, ɗana. Ita ma tana kai mutum Kano.

Dalibin_Jiki: Marcora zai ce wannan nasa ne.

Mai_Keke_Kurna: Bayan sati uku za mu sake, in sha Allah. Wannan karon da dabino a aljihu, kuma a Zariya za mu kwana mu juyo da Asuba, kafin Hajiya ta kira maiɗakina. Wa zai zo?

DanTsere_Jos: In iskar ta juya, a sa sunana.

Hajiya_Kaduna: @Guguwa_07 bai sake magana ba. Wani ya neme shi.